Zane Amana Ne: Faɗakarwa Kan Aikin Gayya a Darasin Zanen Injiniya

Duk wanda Allah ya nufa da zuwa ƙasar Bebeji, ya tsaya bisa madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a shekarar 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya dubi yadda aka tare kogin Kano aka ladabtar da shi, har yana bin magudanar da aka shata masa zuwa gonakin Kadawa da Kura, lalle ne ya yi tasbihi ga Mahalicci, sa'an nan ya jinjina wa hikimar da aka hore wa ɗan Adam. Amma abin da ba mu cika tunawa da shi ba shi ne, tun kafin katafila ta taɓa ƙasa sai da aikin nan ya wanzu a kan takarda, kuma ba hannu ɗaya ne ya zana shi ba, domin mai awon ƙasa da mai lissafin ruwa da mai tsara ƙofofin ƙarfe kowa ya kawo nasa, aka haɗa, ya tashi magana ɗaya.

Wannan fanni na tsara aiki a kan takarda kafin a aiwatar da shi, shi ake kira zanen injiniya, kuma ana karantar da shi tun daga kwalejojin fasaha, irin wadda take nan Bagauda, har zuwa Jami'ar Bayero da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil. Bambancinsa da zanen ado a fili yake: mai zanen ado burinsa ya ƙayatar da ido, shi kuwa mai zanen injiniya burinsa ya kore shubuha. Saboda haka yakan nuna abu guda ta fuska uku, wato ta gaba da ta sama da ta gefe. Ya ja layi mai kauri ga abin da ido ke gani, ya ja mai tsinke-tsinke ga abin da ke ɓoye a ciki. Ya rubuta kowane awo da milimita. In abin ya fi ƙarfin takarda ya rage shi bisa ƙa'ida, ya bayyana cewa ɗaya a takarda daidai yake da biyar ko goma a zahiri. Wani masani Bafaranshe mai suna Gaspard Monge shi ya daidaita asalin wannan hanya a ƙarshen ƙarni na 18.

A da, kayan aikin ɗalibi su ne allon zane da rula da kamfas da fensir mai kaifi, kuma kuskure guda yakan sa a sake aikin yini. Daga baya kwamfuta ta shigo: a 1963 wani ɗalibi a Amurka, Ivan Sutherland, ya nuna ana iya zane a fuskar na'ura, a 1982 kuma manhajar AutoCAD ta fito, har yau ga shi ɗalibi na iya gina inji sukutum a cikin kwamfuta, ya juya shi ta ko'ina, ya ga inda ƙarfe zai gogi ƙarfe tun ba a sayi ko noti ɗaya ba. Sai dai kwamfuta baiwa ce mai biyayya marar hankali: in ka ba ta awon ƙarya, za ta zana maka shi tsaf, cikin kyakkyawan layi.

To, me ya sa malaman wannan fanni suke raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, su ɗora wa kowace nauyin ƙago wani abu daga farko har ƙarshe? Dalili shi ne, ba a yin zane domin mai zanen, ana yin sa ne domin wani ya karanta ya aikata, alhali mai zanen ba ya nan balle a tambaye shi. Wanda ya koyi zane shi kaɗai kamar almajiri ne da ya rubuta allo bai taɓa kai wa malam darasu ba. Shi a ganinsa daidai ne, domin abin da ya manta bai rubuta ba yana nan cikin kansa yana cike masa giɓi.

Bari mu buga misali. A ce ɗalibai biyar aka ba su aikin ƙago ƙaramin injin casar masara, irin wanda zai amfani manoman Doguwa da Tudun Wada, inda Allah ya albarkaci masara. Matakin farko ba kunna kwamfuta ba ne, a'a, tattaki ne zuwa wurin manomi, a ji buhu nawa yake so ya casa a yini, da nawa zai iya biya, da ko injin zai ɗauku a amalanke ko a bayan babur, da yadda za a yi totuwa ta fita gefe ba ta gauraya da ƙwaya ba. Daga nan kowa ya zana ra'ayinsa da fensir, a zauna a yi shawara, a auna su da mizanin sauƙi da ƙarko da araha, a zaɓi guda, ko da kuwa ba na wanda ya fi kowa baki ba ne. Sa'an nan a raba aiki: wannan ya ɗauki ƙafafu da gangar jiki, wancan mazubi, na uku sandar da ke juyawa da haƙoranta, na huɗu mazaunin inji da bel, na biyar ya zama mai haɗawa da bin diddigi.

A nan ne ake gane shayi ruwa ne. Idan mai zanen sanda ya ba ta kaurin milimita 25, shi kuwa mai gangar jiki ya tanadi boris mai ramin milimita 20, kowannensu zanensa ya yi kyau a karan kansa, amma ranar haɗawa sai a tsaya ana kallon-kallo. Haka nan akwai tsari biyu na jera fuskokin zane, ɗaya ya fi yaɗuwa a Turai, ɗaya a Amurka, kuma in ƙungiya ba ta yi ittifaƙi a kan guda ba, mai walda na iya huda rami a hagu alhali dama ake nufi. Kada mai karatu ya zaci wannan tuntuɓe na yara ne kawai, gama a shekarar 1999 Amurka ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mas, saboda wani rukunin ma'aikata ya yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, ɗayan kuma ya ɗauka na mita ne. Ilmi bai yi musu ƙaranci ba. Abin da ya kuɓuce musu shi ne daidaita magana.

Domin haka ƙungiyar kirki takan kafa sharuɗɗa tun ranar fari: ma'auni ɗaya, tsari ɗaya, kowane zane da lambarsa da sunan wanda ya yi da na wanda ya duba, kuma duk wanda ya sauya awo wajibi ne ya sanar da 'yan'uwansa, a rubuta kwanan wata. Jarrabawa ta haƙiƙa kuwa ita ce a ɗauki takardun a miƙa wa mai walda a Kwanar Dangora, a koma gefe a kame baki, in ya ƙera ba tare da tambaya ba, zane ya cika, in kuwa ya ɗago kai ya ce, "Malam, nan fa nawa ne?" to, da sauran aiki.

Wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun san gayya, sun kuma ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A tarihin Musulunci ma, 'ya'yan Musa ɗan Shakir su uku, Muhammadu da Ahmadu da Hasan, sun yi aiki tare a Bagadaza a ƙarni na 9, aka sami littafi mai bayanin na'urori kusan ɗari. Bayansu kuma wani masani mai suna Aljazari ya kammala nasa littafin a 1206, da zane-zanen da suka isa a bi a ƙera, har da na'urorin ɗaga ruwa, abin da manomin rani ya fi kowa sanin darajarsa.

Sai dai gayya tana da cututtukanta. Akwai ɗan rakiya, wanda ba a ganinsa sai ranar rubuta suna. Akwai mai babakere, wanda yake rungume kwamfuta ya mai da sauran 'yan kallo. Akwai kuma mai kwafo zanen wasu daga intanet ya ce nasa ne, wanda wannan ha'inci ne tsagwaronsa. Maganinsu yana hannun malami: ya riƙa juya muƙamai tsakanin ɗalibai, ya tsai da kowa ya kare ɓangarensa da bakinsa, ya raba maki kashi biyu, na ƙungiya da na mutum. Inda kuma kwamfuta ta yi ƙaranci ko wuta ta yi wuya, kada a ce an fasa, domin shawara da awo da duba aikin juna duk suna yiwuwa da fensir, kuma akwai manhajoji na kyauta irin su FreeCAD ga wanda ya sami na'ura.

Kirana ga iyaye shi ne su daina ɗaukar makarantar fasaha a matsayin mafakar wanda ya rasa gurbi. Ga masu hali na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, su sani sayen kwamfuta da faifan hasken rana domin ɗalibai yana cikin sadaka mai gudana. Ga maƙera da masu walda, su buɗe wa yaran nan ƙofa. Ku kuma ɗalibai, ku riƙa tuna cewa kowane awo da kuka rubuta shaida ce kuka bayar, wani zai yanka ƙarfe a kanta, wani zai zuba dukiyarsa, wani ma zai sa hannunsa kusa da inji yana juyawa. Ku auna sau biyu, ku ba ɗan'uwa ya duba, kafin ku sa hannu. Allah ya sa mu dace, amin.