Turaren Wuta Mai Ƙamshin Fure: A Duba Kafin Ya Zama Na Kullum

A Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, da wuya ka shiga ɗakin matar aure bayan magariba ba ka tarar da kasko yana hayaƙi ba. Turaren da aka fi ji da shi shi ne mai nauyi, wanda ake haɗawa da gabgab da hawi da sandal da farce, gwanintar da ta iso mana daga Borno da Chadi da Sudan. To amma wannan na biki ne da ranar girki, ga kuma tsada. Shi ya sa mata da dama suka koma gwada mai ƙamshin wardi ko yasmin don amfanin yau da gobe, na kwalba ko na tsinke da ake shigowa da shi daga Indiya, irin wanda 'yan koli ke kasawa a kasuwanni kamar ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis.

Man fure na ainihi ba abin araha ba ne. Alhazan da suka leƙa Ɗa'ifa, garin wardi a Saudiyya, sun ga kuɗinsa da idonsu, domin sai an tara furen da ya kai tan 3 zuwa 4 kafin a tatso kilo 1 na mai. Saboda haka turaren fure mai sauƙin kuɗi kusan duk haɗin masana'anta ne da aka jiƙa ɓawon itace da shi. Wannan ba aibu ba ne a kansa, sai dai ƙamshin fure ba ya jure wuta yadda na itace ke jurewa. Idan aka zuba shi kan jan garwashi, man ƙonewa yake kafin ya tashi, sai a ji ƙauri, uwargida ta ɗauka an cuce ta, ta ƙara zubawa. A lulluɓe garwashin da toka kaɗan, a sa ɗan mitsitsi, ɗumin ne zai fitar da ƙamshin a hankali.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙona shi kullum. Hayaƙin turare yana ɗauke da ƙura mai laushi wadda ido ba ya gani, tana ratsawa har can cikin huhu, garwashin kuma yana fitar da iska mai guba marar wari. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada wannan ƙura ta wuce maikirogiram 15 a kowace kyubik mita ta iska a tsawon yini, kuma kasko ɗaya a rufaffen ɗaki yakan zarce haka nesa ba kusa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2008, kan mutum fiye da 61,000 a Singafo, ya gano alaƙa tsakanin shekaru ana ƙona turare kullum da sankarar hanyoyin numfashi na sama.

Mu kuwa a hunturu muke toshe taga, ga ƙurar da iska ke kwasowa daga arewa, sannan a ɗakin mai jego aka fi turarawa. Iyaye mata, don Allah a fitar da jariri da mai asma tukuna, a turara ɗakin, a buɗe taga hayaƙi ya fice, a kai kasko tsakar gida kafin a kwanta.