Dutsen Tozali Mai Kama Magana: Bayanin Rediyo Marar Batir

 Ya ku malamai da 'yan kasuwa, duk wanda ya saba ratsa Kasuwar Kurmi ya san dutsen nan baƙi mai ƙyalli da ake niƙawa a yi kwalli, watau tozali. Fatake sun daɗe suna kawo shi Kano, mata da dattawa suna rangaɗa shi a ido. Amma kaɗan ne suka san cewa ƙwaya guda daga cikinsa, wadda ba ta kai girman wake ba, tana iya ɗauko maganar mutum daga nesa ta sa ta a kunnenka, ba batir, ba wutar lantarki. Wannan shi ne abin da muke nufin bayyanawa yau.

Rediyo ya shiga hannun jama'ar Kano a 1944. A lokacin ba a kama shi daga iska a gidaje. Tasha guda ce ke kamawa, sa'an nan a ja waya zuwa akwatin da aka rataya a zaure ko a dandali, mai gida ya biya kuɗin wata, abin da aka ba shi kuwa shi zai ji. Turawan da ke zaune a Nasarawa su ne masu akwatunan kansu, suna murɗawa su zaɓi ƙasar da suke so. A 1957 BBC ta fara magana da Hausa daga Landan, a 1962 aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna. Mutane suka yi ta mamaki, wasu ma suka yi shakka ko akwai hannun aljanu a ciki. Alhali kuwa babu komai sai sababi, irin wanda Allah Ya ajiye a cikin halittarSa domin mai bincike ya tarar.

Ga yadda aka gano shi. A 1874 wani masani Bajamushe, Ferdinand Braun, ya lura cewa akwai duwatsun da lantarki ke ratsa su ta fuska guda cikin sauƙi, amma ya sha wuya in zai komo ta ɗaya fuskar. Tozali yana cikinsu. Daga baya wani malamin Kalkata ta ƙasar Indiya, Jagadish Chandra Bose, ya yi aiki da tozali wajen kama saƙon iska, aka ba shi takardar shaidar ƙirƙira a Amurka a 1904. A 1906 Greenleaf Pickard ya sami irin wannan takarda bisa wani dutsen dabam. Daga nan sai abin ya zama sana'ar nishaɗi ta yara da manya a Ingila da Amurka. Har a Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin da ke cikin ramuka a Anziyo ta ƙasar Italiya a 1944 sun haɗa irinsa da tsohuwar reza da bakin fensir.

To, yaya yake aiki? Tasha tana watsa ƙarfinta cikin iska, maganar mai magana tana haye bisa wannan ƙarfi kamar kaya bisa raƙumi. Idan ya taɓa doguwar waya sai ya haifar da ɗan lantarki a cikinta, mai kai da komowa sau dubu ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Kunne ba ya iya bin wannan sauri, kuma zuwan da komowar suna kashe juna. Aikin dutsen shi ne aikin sarkin ƙofa: ya bar mai shiga ya shiga, ya hana shi juyowa. Da an tsare komowar, sai raƙumin ya tsaya a waje, kayan su shigo, watau maganar. Ƙarfin da ke motsa abin sauraro duka daga tashar ya zo, don haka ne ba a bukatar batir, don haka ne kuma muryar ba ta cika ɗaki, sai dai kunne guda.

Kayan haɗinsa biyar ne. Na farko eriya: wayar jan ƙarfe mai tsawon yadi 25 ko 30, a ɗaure ta sama tsakanin itace da soro, a sa roba ko wuyan kwalba a bakin kowane gefe don kada ta taɓa reshe. Na biyu wayar ƙasa: a kafa sandar ƙarfe a wuri mai laima, a ɗaura mata waya. Na uku naɗi, wanda masu gyaran fanka ke kira kwayil: a sami bututun kwali ko na roba mai faɗin inci 2, a naɗa masa siririyar waya mai rufi sau 80 zuwa 100, kowane zagaye manne da ɗan'uwansa. A gama shi da kwandansa mai juyawa da aka cire daga mataccen rediyo. Waɗannan biyu su ne rariyar da ke tace tasha guda daga sauran. Na huɗu dutsen: a matse shi a cikin ɗan ƙarfe, a lanƙwasa siririyar waya bakinta ya taɓa fuskarsa a hankali. Na biyar abin sawa a kunne, irin mai jin ƙaramin ƙarfi. Na wayar salula ba ya wadatarwa, sai a tambayi masu sayar da kayan rediyo a Sabon Gari.

Wurin haƙuri shi ne laluben dutsen. Ba ko'ina a jikinsa ne ke amsawa ba. Za ka ɗaga bakin wayar ka sauke, ka matsa kaɗan ka sake saukewa, shiru, har ka ce aikin banza ne. Can sai ka ji murya siririya kamar daga ƙasan rijiya. Wanda ya gaji da lalube yana iya sayen ɗan dayod na jamaniyam mai lamba 1N34A ya sa a madadinsa, amma ya rasa rabin daɗin.

Mazauna Nasarawa sun fi kowa samun sauƙin wannan. Tun da aka yanka unguwar domin Turawa aka yi mata filaye masu faɗi da manyan itatuwa, inda za a miƙe yadi 30 na waya ba a ƙetare katangar maƙwabci ba. A cikin birni, inda soro ke jingine da soro, sai an yi dabara. Abin da aka rasa a can na fili kuwa ana ragewa da tsawon gora da kyawun wayar ƙasa.

Wajibi ne mu faɗi iyakarsa, gama ɗan kasuwa na gari ba ya ɓoye aibin haja. Wannan akwati tashoshin AM yake kamawa, masu matsakaicin zango, kuma ya fi son tasha ta kusa mai ƙarfi. Tashoshin FM da suka yawaita a Kano tun daga buɗe Freedom Radio a 2003 ba ya jin su. Da dare ya fi kyau a gwada, domin a lokacin ne sararin sama ke maido da saƙon tashoshin nesa zuwa ƙasa.

Sai gargaɗi uku. Kada a ja eriya kusa da wayar lantarki, ko sama da ita ko ƙasa. In hadari ya haɗu da damina, a kwance eriyar daga akwatin a haɗa ta da sandar ƙasa, saboda aradu. Na uku, tozali dalma ce gauraye da kibritu, dalma kuwa guba ce, musamman ga ƙananan yara. Ba mu manta da ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta hallaka a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Kada yaro ya sa dutsen a baki, a wanke hannu bayan taɓa shi, masu sa wa jarirai kwalli kuma su yi hattara.

Ya ku iyaye, yau kowane yaro yana riƙe da waya a hannu, amma in ta mutu bai san abin da ya mutu a cikinta ba. Mun zama masu saye kawai, kuɗinmu na tafiya ga masu ƙerawa. Almajirin da ya iya dafa tawada da fere alƙalaminsa ba zai kāsa naɗa waya sau 100 ba. Ranar da ya ji murya ta fito daga abin da hannunsa ya haɗa, tsoron na'ura ya fita daga zuciyarsa, ya kuma ƙara sanin girman Wanda Ya sanya wannan sirri a cikin dutse. Malam ya ba shi yammacin Alhamis, attajiri ya saya masa waya. Da koyo akan iya.

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani.