Ko Ka Sani? Baƙin Ma'adinin Riruwai da Hasken da Ke Hango Zarra

Ko ka sani cewa duwatsun Riruwai na ƙasar Doguwa, waɗanda mutane suka daɗe suna narka kuzarsu tun gabanin zuwan Turawa, suna ɗauke da wani baƙin ma'adini mai suna kwalambait, wanda daga irinsa ake tace ƙarfen niyobiyam? Shi wannan ƙarfe Allah ya yi masa wata ɗabi'a ta ban al'ajabi, domin in ya sha sanyi matuƙa, sai lantarki ya riƙa gudana a cikinsa babu ko tangarɗa.

A kan wannan ɗabi'a ce malaman kimiyya suka dogara yayin da suka haƙa rami mai tsawon kilomita 3.4 a ƙarƙashin ƙasa, daga birnin Hambog na Jamus, suka jera bututan niyobiyam a ciki, kana suka buɗe wannan na'ura mai samar da haske a 1 ga Satumban 2017. Da farko sai a haska wani faifai da leza, ƙwayoyin lantarki su ɓalle daga gare shi, bututan nan su yi ta ingiza su har gudunsu ya kusa kamo na haske, sa'an nan a ratsa da su tsakanin dubban mayan ƙarfe, suna karkata dama da hagu, suna fitar da irin hasken da asibiti ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Hikimar kuwa ita ce, hasken da suka fitar shi ne ke komowa ya jera su sahu-sahu, har su riƙa saki a tare kamar mata masu lugude, alhali na asibiti a warwatse yake fita. Da walƙiyarsa, wadda kan kai 27,000 a daƙiƙa guda, ake ganin yadda zarra take zaune kusa da 'yar'uwarta a cikin ƙwayar cuta ko magani.

Galibin niyobiyam na yau daga Burazil yake fitowa, ko da yake a shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba wajen kwalambait. Shi kuwa ramin na Hambog, tsadarsa ta ishi kowa, shi ya sa a Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka ake ƙoƙarin sa ƙwayoyin lantarkin su yi karo da leza gaba da gaba maimakon mayan ƙarfe, don na'urar ta shiga ɗaki guda.