Wace Mota Ce Ta Fi Tsimin Mai?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, mai neman mota kan tambayi shan manta kafin ya dubi kyanta. To, amma adadin da kamfani ke rubutawa a ɗakin gwaji aka samo shi, inda babu rami, babu lodin buhuna, balle cunkoson Legas.

Turawa ma sun ga tazarar, har suka sake salon gwajinsu a 2017. A Amurka kuwa, Hyundai da Kia sun amsa a 2012 cewa sun yi ƙari a alƙaluman waɗansu motocinsu.

Toyota Prius, mai haɗa inji da batir, cikin gari take nuna tsiminta, domin injinta kan mutu in an tsaya. A hanyar Kaduna zuwa Kano ratar da ta ba Corolla sai ta ragu. 'Yar Kwatano da ta sha duniya kuwa, takardarta labarin ƙuruciya ce.

Awon da ba ya ƙarya shi ne a cika tanki, a rubuta kilomita, a yi tafiya, a sake cikawa, sa'an nan a raba nisan da litar da ta shiga.