Ƙurar Hunturu Na Cin Lafiya Da Jarin 'Yan Kasuwa A Potiskum

POTISKUM: Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Maris na kowace shekara, garin Potiskum da ke Jihar Yobe kan kasance cikin hazo da buɗa, kuma a wannan lokaci ne atishawa da yoyon hanci da ƙaiƙayin ido da sarƙewar numfashi ke yawaita a tsakanin jama'a. Da yawa kan ɗauki abin a matsayin murar sanyi wadda za ta wuce da kanta, amma ga wanda cinsa da shansa suka rataya a kan fitar yau da kullum, kowane yinin da ya kwanta asara ce, banda kuɗin maganin da zai fita daga aljihunsa.

Potiskum ita ce babbar cibiyar ciniki a Jihar Yobe, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Borno ranar 27 ga Agusta, 1991. Garin yana kimanin kilomita 100 yamma da Damaturu, a mahaɗar hanyoyin da suka taso daga Kano da Bauchi zuwa Maiduguri, kuma karar shanunsa na daga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Kusan dukkan sana'o'in da suka riƙe garin, wato dillancin dabbobi da cinikin hatsi da dako da tuƙin manyan motoci, a fili ake yin su cikin ƙura.

Inda ƙurar ke tasowa

Mafi yawan ƙurar da ke lulluɓe arewa maso gabashin Nijeriya tana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Kwarin busasshen gindin wani makeken tafki ne da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce. Iskar arewa maso gabas kan matse a tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi, sannan ta ɗebi farar ƙasar kwarin ta nufo kudu da ita. An ƙiyasta cewa ana samun irin wannan guguwa kimanin kwana 100 a shekara.

Haɗarin ƙurar yana cikin ƙanƙantarta. Gashin hanci da majina kan tare manyan ƙwayoyin, amma ƙananan kan zarce har cikin huhu. A ƙa'idojin da ta fitar a 1987 kuma ta yi wa gyara na baya-bayan nan a 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata ƙwayoyin ƙura mafiya ƙanƙanta su wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik ta iska a yini guda ba. A ranakun da hazo ya yi kauri, iskar garuruwan Arewa kan ninka wannan adadi sau da dama.

Abin da ke faruwa a jiki

Likitoci sun bambanta abubuwa biyu da jama'a ke haɗawa. Na farko shi ne ƙura da busasshiyar iska da ke fusata hancin kowane mutum. Na biyu shi ne alaji, wato yanayin da garkuwar jikin wani ke ɗaukar abin da ba shi da illa, kamar bununin ciyawa ko kashin kyankyaso, a matsayin abokin gaba. Da zarar abin ya shiga hanci, jiki sai ya saki wani sinadari mai suna histamin, wanda ke haddasa atishawa da kumburi da ƙaiƙayi, a wasu lokutan har da borin jini. Wani likitan yara ɗan ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, shi ne ya raɗa wa yanayin suna a 1906.

Abin lura shi ne, alaji yakan bi jini, kuma ba a ɗaukarsa daga wani kamar mura. Haka kuma yana da dangantaka ta kusa da ciwon fuka, wanda aka fi sani da asma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma a duniya, kuma ta yi ajalin mutum 455,000 a wannan shekarar, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Kowane lokaci da nasa

Matsalar ba ta tsaya ga hunturu kaɗai ba. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, danshi kan haifar da fumfuna a bangon ɗaki da buhunan ajiya, tare da yawaitar wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, waɗanda ke rayuwa a katifa da matashi. Da kaka kuwa, bununin gero da na ciyawa, da ƙaiƙayin sussuka da shiƙa, su ke cika iska. Da bazara ga zafi ga guguwar da ke gabatar ruwan farko.

A kasuwa, 'yan dakon da ke loda buhunan gero da dawa da wake, da masu injin niƙa, da masu sayar da harawa da dusa a bakin kara, su ne suka fi shaƙar abin da ke tayar da ciwon. A ranar kasuwa, kofaton dubban shanu kan niƙe busasshiyar kashin dabbobi ta koma gari, iska ta watsa ta. Ɗan dako kuwa da yawan buhun da ya ɗauka ake biyansa, saboda haka idan numfashinsa ya sarƙe, ranar gidansa ba cefane.

Tsadar magani

Wahalar ta ƙaru ne tun daga 2023. A watan Yunin shekarar aka sakar wa Naira mara a kasuwar canji, inda Dalar Amurka ta tashi daga kimanin Naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da Naira 1,500 a farkon 2024. Da yake kusan kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake amfani da su a ƙasar nan daga waje ake shigo da su, farashinsu ya bi sahu. A watan Agustan 2023 kamfanin GlaxoSmithKline, mai yin Ventolin da Seretide da masu asma ke shaƙa, ya sanar da daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a Nijeriya, abin da ya sa magungunan suka yi ƙaranci, kuɗinsu ya ninka.

A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan umarnin cire harajin kwastan da na kayan masarufi a kan wasu injuna da kayan haɗa magunguna, domin ƙarfafa masana'antun cikin gida. Sai dai duk da dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022, wadda ta wajabta inshora a kan kowa, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun marasa lafiya suke fitowa. Wannan ne ya sa rigakafi a cikin gida ya zama batun tattalin arziki.

Matakan da ba su da tsada

Mataki na farko shi ne yadda ake shara. Sharar busasshen tsakar gida da tsintsiya tayar da ƙura kawai take yi, ta sake sauka a kan gado da kwanuka. Abin da ya dace shi ne a yayyafa ruwa kafin a share, a kuma goge kayan ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓewa. Wanda ke da ciwon ya bar wurin har ƙura ta lafa. A ranakun hazo a rufe tagogin da ke fuskantar gabas da arewa, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma mai danshi.

Na biyu shi ne makwanci, inda mutum ke shafe kusan sulusin rayuwarsa. A riƙa wanke zanen gado da rigar matashi kowane mako da ruwan zafi, domin zafin da ya kai digiri 60 na kashe ƙwarin katifa. Barguna da rigunan sanyin da suka yi watanni a akwati a wanke su, a shanya a rana, kafin a fara amfani da su. Tabarma ko ledar ɗaki da ake iya gogewa ta fi kafet mai gashi ga gidan da ke da mai asma. Kazalika, kada a ajiye buhunan hatsi ko harawa a ɗakin kwana, kuma a nisanta kaji da tantabaru da akurkinsu daga tagar ɗaki.

Na uku shi ne hayaƙi. Da sanyi mutane kan shigar da kaskon wuta ɗaki su rufe ƙofa, abin da banda tayar da asma yana iya kisa ta hanyar gubar gawayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020 da gurɓatacciyar iskar cikin gida. Girki a fili ko a madafa mai taga, da amfani da busasshen itace ko murhu mai tsimin makamashi, na rage hayaƙin da mata da yaran da ke goye ke shaƙa. Turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da fiya-fiya, duk suna tayar da ciwon. Gidan sauro ya fi su aminci, kuma a ƙarshe ya fi su araha.

Ga masu fita kasuwa, rufe hanci da baki ba baƙon abu ba ne, domin amawalin rawani tun asali aikinsa ke nan a wurin fatake. Takunkumin asibiti ya fi ƙyalle tare ƙura, mai lamba N95 kuma ya fi su duka. Idan an dawo gida a wanke fuska, a sauya tufafi, kuma a kurkure hanci da ruwan gishiri: ƙaramin cokali ɗaya a shafe cikin rabin litar ruwan da aka tafasa ya huce. Shafa ɗan man kaɗanya a bakin hanci na hana tsagewa da haɓo.

Inda kuɗi ke zurarewa

Asara mafi girma ita ce sayen maganin da bai dace ba. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin ba sa yi wa alaji komai, amma su ne da yawa ke fara nema a kemis. Piriton yana da araha kuma yana aiki, sai dai yana sa barci, wanda haɗari ne babba a garin da ya yi suna da direbobin tirela da masu Keke Napep. Setirizin da loratadin ba su kai shi sa gyangyaɗi ba. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take kuwa, idan aka wuce kwana biyar zuwa bakwai ana amfani da shi, toshewar dawowa take yi fiye da da.

Likitocin ido sun daɗe suna gargaɗi a kan wani nau'in ƙaiƙayin ido da ke kama yara, musamman maza, a ƙasashe masu zafi da bushewa, wanda ke mayar da farin ido ruwan ƙasa. Ɗiga wa yaro maganin ido mai ɗauke da deksametazon ba tare da umarnin likita ba na kawo sauƙi cikin sauri, amma daɗewa a kansa na iya haddasa hawan jinin ido da yanar ido, har ya kai ga makanta. Haka nan maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayun 2018, ba maganin asma ba ne. Ana shawartar mai saye ya duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar lalacewar magani.

Akwai kuma alamomin da ba a jira da su. Alaji ba ya zuwa da zazzaɓi mai zafi. Idan aka ga zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya, a garzaya asibiti, domin lokacin hazo shi ne lokacin sanƙarau, cutar da ta yi ajalin ɗalibai a wasu makarantun kwana na yankin Potiskum a farkon 2024. Tarin da ya wuce mako biyu na bukatar gwajin tarin fuka, wanda kyauta ake yi a asibitocin gwamnati. Mai asmar da ya kasa ƙarasa magana saboda haki, shi ma asibiti ne wurinsa nan take.

Nauyin da ke kan hukuma

Ba dukkan ƙurar garin ce ke zuwa daga Chadi ba. Titunan unguwanni marasa kwalta, da ƙona shara, da saran itatuwa domin girki, na ƙara mata yawa, kuma waɗannan suna cikin ikon hukumomi. Yobe na cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin hukumar shirin dashen itatuwa na tare hamada, wadda aka kafa da doka a 2015. Layukan darbejiyar da aka dasa a garuruwan tsohon Lardin Borno tun zamanin Turawa sun nuna cewa itace na rage gudun iska, kuma yana tace ƙura.

Yayyafa ruwa a kara da kasuwar hatsi a ranakun cinkoso, da isar da gargaɗin hazo na hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta gidajen rediyo cikin harsunan Hausa da Ngizim da Karekare da Bolanci, da shigar da 'yan dako da ƙananan 'yan kasuwa cikin shirin taimakekeniyar lafiya na jiha ta hannun ƙungiyoyinsu, ayyuka ne da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin shigar da kasuwannin ke samarwa. Hazo dai zai sake sauka a watan Nuwamba, kuma watannin kaka ne lokacin da ya dace magidanta da shugabannin kasuwa su kammala shirinsu.