Me ya sa jihohin Amurka ke jayayya kan biya wa ma'aikata kuɗin maganin ɗaukewar al'ada?

Tsakanin shekara 45 zuwa 55 ne galibin mata ke daina ganin jinin al'ada, wato daidai lokacin da ma'aikaciyar gwamnati ta kai matakin riƙe babban muƙami. Sinadarin istirojin yana raguwa a jikinta, sai zafin jiki mai tasowa farat ɗaya, da gumin dare, da rashin barci, daga baya kuma raunin ƙashi. Maganin da ke mayar da gurbin sinadarin ya daɗe da samuwa. Wanda zai biya kuɗinsa shi ne abin da ake ta kai ruwa rana a kai.

A 2024 jihar Luwiziyana ta kafa dokar da ta wajabta wa kamfanonin inshora biyan kuɗin maganin. Ita ma Ilinoyi ta yi tata a shekarar, ta fara aiki a Janairun 2026. A Kalifoniya kuwa, Gwamna Gavin Newsom ya ƙi sanya hannu kan irin wannan ƙuduri har sau biyu, a 2024 da 2025, yana kafa hujja da tsada.

Dalilin da ya sa ma'aikatan gwamnati suka zama tsakiyar muhawarar yana cikin wata dokar tarayya ta 1974 mai suna ERISA. Dokar ta hana jihohi tsoma baki a tsarin lafiyar manyan kamfanoni masu biya wa ma'aikatansu daga aljihunsu, amma ba ta shafi ma'aikatan gwamnati ba. Saboda haka malaman makaranta da ma'aikatan jinya da na ofisoshin jiha su ne rukunin da majalisa ke da cikakken iko a kan inshorarsu. Sai dai kuɗin daga baitulmalin jihar zai fito, kuma a nan ne 'yan majalisa kan fara jan ƙafa.

Akwai kuma tsohon tsoro. A 2002 an dakatar da wani ɓangare na babban binciken lafiyar mata na WHI bayan an ga ƙarin haɗarin sankarar mama da shanyewar ɓarin jiki. Likitoci da dama suka daina rubuta maganin. Daga baya aka lura cewa matsakaicin shekarun matan da aka gwada ya kai 63, sun girmi masu fara fama da alamomin nesa ba kusa ba. A Nuwamban 2025 hukumar FDA ta sanar da cire gargaɗi mafi tsanani daga kwalayen maganin, abin da ya rage wa kamfanonin inshora uzuri, ko da yake maganin bai dace da wadda ta taɓa yin sankarar mama ko daskarewar jini ba.

Ingila ta bi wata hanya dabam: tun Afrilun 2023 mace kan biya ƙasa da fam 20 a shekara, ta riƙa karɓar maganin duk lokacin da likita ya rubuta mata.