Hajar da Ke Shigo Mana, da Zanen da Ke Bayyana Ta

Duk wanda ya taɓa buɗe rahoton cinikin waje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa a Abuja bayan kowane wata uku, ya ga yadda alƙaluma suka jeru sahu-sahu, kowace haja da lambarta, kowace ƙasa da gurbinta, lalle ya san da wuya mai karatu, komai himmarsa, ya fito daga wannan kurmi da amsar tambayar da ta kai shi, wato me muke saye daga waje, kuma a hannun wa. Ilmin a fili yake, illa dai ya yi kama da matanin da ba a yi wa sharhi ba, wanda almajiri zai haddace shi tsaf alhali ma'anarsa ta wuce shi.

Wannan mushkila tsohuwa ce. Tun a 1786 wani mutumin Sikotilan, William Playfair, ya buga littafi a kan cinikin Ingila da sauran ƙasashe, inda ya mai da alƙaluman shekaru layuka masu hawa da sauka; da ya zo kan ƙasarsu kuwa, ya tarar lissafin shekara ɗaya tak ke hannunsa, sai ya ja wa kowace daga cikin abokan ciniki 17 sanduna, tsawon kowace gwargwadon kuɗin hajar, ta haka larura ta haifi zanen sanduna da yara ke koyo a makaranta yau. Amma nasa zanen a kan takarda yake, abin da mai zane ya ga dama ya nuna shi kaɗai za ka gani.

Na zamaninmu ana yi masa tambaya ya amsa. Asalin abin, tun 1988 ƙasashen duniya suka yi ittifaƙi a kan tsari ɗaya na ba haja lamba, ta yadda shinkafa 1006 ce, alkama 1001, tataccen mai 2710, ko a tashar Apapa ko a Shanghai. Galibin ƙasashe suna aika lissafin kwastan ɗinsu ga Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ke tara shi a rumbun da ake kira Comtrade, mai alƙaluma tun daga 1962. Daga wannan rumbu ne masana irin su Ricardo Hausmann na jami'ar Harvard da César Hidalgo, wanda a lokacin yake MIT, suka ɗebo abin da suka gina shafukan Atlas of Economic Complexity da OEC da shi, waɗanda mai wayar hannu zai iya buɗewa daga Gusau ko Damagaram.

Na zauna wani dare na buɗe ɗaya daga cikin waɗannan shafuka, na zaɓi Nijeriya, na zaɓi kayan shigowa, sai allon ya cika da wani fili mai kusurwa huɗu da aka yanka ɗaki-ɗaki, manya da ƙanana, kowane da launinsa, tamkar dai gidan gado da malamin fara'ili ya raba, aka ba kowane magaji faɗi daidai da rabonsa. Wani malamin jami'ar Maryland, Ben Shneiderman, shi ya ƙago wannan fasali a wajejen 1990, don kawai ya gane wa ke cika musu ma'ajiyar kwamfutar da suke tarayya a kanta. Ɗakin da ya fi kowane girma, a shekarun da na fara dubawa, na tataccen mai ne. Na taɓa shi, sai filin ya sake rabuwa, wannan karon da sunayen ƙasashe, ga Beljiyam da Holan sun kame wuri mai yawa, ƙasashen da ba su yi suna da rijiyoyin mai ba, amma suna da matatu da manyan tashoshin jiragen ruwa a Antwerp da Rotterdam. Mutum ya daɗe yana jin ana cewa muna sayar da ɗanye muna sayo tatacce, amma gani ya kori ji. Idan aka koma kan ƙasashe gaba ɗaya, Sin ce ke riƙe da babban ɗaki, cike da injuna da kayan lantarki. Can a gefe ga alkamar da ake yi mana burodi da taliya, ga busasshen kifin Norway. A ƙasan allon akwai layin shekaru da ake ja da yatsa, ɗakunan suna kumbura suna motsewa, kuma a nan ne mai son sanin tasirin matatar Ɗangote, wadda ta fara fitar da fetur a 2024, ya kamata ya sa ido.

Sai dai kyan zane yana sa mutum ya saki jiki, ya manta cewa kowane adadi riwaya ce, riwaya kuwa sai an binciki isnadinta. Kowane ciniki mutum biyu ke ruwaito shi, mai sayarwa da mai saye, kuma da wuya bakinsu ya zo ɗaya, domin bisa al'ada mai saye yana haɗa kuɗin jirgi da na inshora a cikin lissafinsa, mai sayarwa ba ya haɗawa, balle a zo ga wanda ya rage ƙimar kayansa don gudun kuɗin fito. Masu shafukan nan suna da ƙa'idojin daidaita riwayoyin biyu, su rinjayar da ta ƙasar da aka fi amince wa lissafinta, wanda hakan ijtihadi ne, ba nassi ba.

Shinkafa ce ta fi nuna mini iyakar abin. Na nemi lamba 1006 a cikin kayan Nijeriya na shekarun da suka biyo bayan 2015, lokacin da Babban Banki ya hana ba da kuɗin musaya don shigo da ita, na tarar ɗakin ya ƙanƙance har sai an ƙura ido, alhali kowa ya san a kasuwannin Kano da Katsina a wannan zamanin buhunan 'yar waje a jibge suke. Da na sauya sunan ƙasa zuwa Benin, sai ga shinkafar Tailan da Indiya ta mamaye allon, adadin da hankali ba zai ɗauka cewa mutanen wannan 'yar ƙasa ne suka cinye ba. A Kwatano aka sauke ta, a littafin Kwatano aka rubuta ta. Abin da ya faru bayan haka, a kan babura da cikin tsofaffin motoci ta hanyoyin daji, babu ma'aikacin kwastan da ya sa shi a takarda. A watan Agustan 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu, ba ta buɗe Seme da Illela da Maigatari ba sai a Disambar 2020, kuma idan ka ja layin shekaru zuwa wannan tsakanin, za ka ga ɗakin shinkafar Tailan a Benin ya motse ƙwarai, ba tare da an ji labarin yunwa ta faɗa wa mutanen Kwatano ba.